Daminar da Na'ura Ta Tsallake Matan Gamana

Bana ma ruwa ya makara. Yau kwana tara ke nan hadari na haɗowa daga gabas bayan la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sannan iska ta zo ta watsa shi, a wayi gari ƙasa na nan fara fat yadda aka bar ta. Maƙwabcina ya fito da sungumi ya jingine a bakin zaure tun makon jiya, har yanzu bai sari ƙasa ko sau ɗaya ba. Duk lokacin da bazara ta ja haka, shekara guda ce ke faɗo mini a rai, shekarar da muka yi rabon iri a Agiye da azumi a bakinmu.

Ni sa'ar 'yancin kai ce. A Gidan Sori aka haife ni, daminar da aka sauke tutar Faransa, shi ya sa babana ya ce tunda ƙasa ta samu kanta, wannan ɗiya sai ta yi lakol, wato makarantar boko. Na yi lakol ɗin, na koyi buga keken rubutu a Maraɗi, aka ɗauke ni sakatariya a wani furoje, shirin raya noma, mai buro, wato ofis, a Agiye. Lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, da ɗiya guda, Hadiza. Maigidana yana can arewa wajen aikin hanya, sai wata uku-uku yake leƙo mu. Don haka na zauna wurin ƙanwar babana, Gwaggo Hassu, a wani gida mai ɗaki biyu bayan kasuwa.

Daminar da ta gabata ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar bununi, ya bushe a tsaye. Kafin rani ya raba, rumbuna sun koma fanko. Mutane suka ci na rumbu, suka ci na tukunya, daga ƙarshe suka fasa tulun da aka liƙe da laka don shuka, suka ci iri. Garin rogo da ke shigowa daga ƙetaren iyaka ta Gazawa shi ya riƙe gidaje da yawa. A ƙauyuka mata suka koma ga anza, 'ya'yan wani itacen daji masu ɗaci, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwa har ɗacin ya ragu. Mu da nake ɗaukar albashi ba mu kwana da yunwa ba, amma ba ranar da ba a yi mana sallama daga Gidan Sori, kuma Gwaggo ba ta iya korar baƙo. Ruwa kawai take ƙara wa kunu. Akwai ranar da na leƙa ƙwarya na ce, "Gwaggo, ga fuskata nan a ciki."

Ta ce, "To ki gyara ɗankwalinki, kin huta da neman madubi."

Sai kuma azumi ya faɗo a tsakiyar wannan bazara. Tun hantsi rana take tsayawa a ka, yashi ya ɗau zafi har takalmin roba ya yi laushi a ƙafa. Kafin azahar kasuwa ta mutu, 'yan tebur sun kwanta ƙarƙashin teburansu, jakuna sun jera a inuwar katanga kai a ƙasa. Gwaggo takan jiƙa zane ta lulluɓa, kafin ta gama jan carbi ya bushe ƙayau. Da la'asar mu jera a bakin famfo da bokitai, kowa shiru, don magana ma tana cin yawu. In an kira magariba, ruwan randa ne da kunun tsamiya, sai dambun tafasa ko garin rogo da ƙuli. Yau ina da firiji a ɗaki, amma ban sake shan ruwa mai daɗin na randar nan ba.

Ana saura kamar mako biyu a kama azumin aka kawo mana na'ura. Mu ordinater muke ce mata, yaran yanzu kuma kwamfuta. A kwali uku ta zo: wani abu kamar ƙaramar telebijin mai rubutu kore, da allon bugawa irin na kekena amma mai laushi, da injin fitar da takarda mai kukan gyare. Aka ba ta ɗakin da ya fi kowane sanyi a buro, wanda a da Darekta, shugaban furojen, ke kishingiɗa a ciki. Wutar gari ba ta iso unguwarmu ba, sai injin wuta, shi kuma mansa, gazuwal, a auna yake, awa biyu kacal a rana. In zafi ya yi yawa na'ura sai ta sandare ta ƙi motsi, don haka kullum da safe mai gadi ke jiƙa buhunan algarara ya rataya a taga. Gwaggo da ta ji labari ta ce, "Ikon Allah. Mu masu azumi ba a jiƙa mana buhu ba, sai ƙarfe."

Wanda ya san kanta mutum ɗaya ne, Mushe Ilya, wani dogon injiniya siriri ɗan Gazawa, wanda kakanninsa suka taso daga wajen Katsina. Shi ya ce a ba shi ni, tunda hannuna ya saba da bugu.

Aikin da ke gabanmu rabon iri ne. Furoje ya samo gero iri biyu, mai saurin nuna da na gargajiya, da dawa, da wake, da 'yar gyaɗa, kuma duk ba su da yawa. A da buhuna ake sauke wa kowane gari a raba yadda aka ga dama, sai ka tarar mai jigawa ya samu dawa, mai laka ya samu gero, wanda ba shi da baki kuma ya tashi hannu wofi. Wannan karon malaman gona suka bi gida-gida, daga ƙasar Gazawa har yammacin Gidan Rumji, suka rubuto kowane gida a takarda: sunan mai gida, yana da gandu ko babu, ƙasarsa jigawa ce ko laka, iri ya rage masa ko ya cinye, matan gidan suna da gamana ko babu. Gandu dai shi ne babbar gonar gida. Gamana kuwa ɗan yankin da ake yanka wa mace ta noma abin kanta. Takardun nan sun cika kwali huɗu. Mako biyu na yi ina shigar da su ciki, suna bayan suna.

Ranar da na gama, Mushe Ilya ya jawo kujera ya ce, "Madam Rakiya, yanzu za ki koya mata yadda za ta yi rabo. Amma ki sani ba ta da wayo ko na ƙwayar gero. Tambaya ɗaya take iya yi a lokaci guda, amsar kuma i ko a'a. Abin da ba ki ce ta tambaya ba, ba za ta tambaya ba har abada."

Kalmomi uku ya fara koya mini. Da Turanci ake buga su, amma da Hausa muke karanta su: "idan", da "in ba haka ba", da "rufe". Idan ƙasa jigawa ce, a rubuta gero. In ba haka ba, a rubuta dawa. Rufe. Na ce wannan ai wasan yara ne.

Ya yi dariya ya ce, "Jira. Mai jigawar nan, wane gero za ki ba shi? Na arewa ruwansu gajere ne, mai saurin nuna suke buƙata. Na kudu kuma na gargajiya ya fi musu."

Nan ya nuna mini yadda ake sa wani "idan" a cikin "idan". Kin shiga na farko, a cikinsa ki sake yin wata tambaya, a cikin waccan ma in ta kama ki sake wata. Kowane na ciki ki ɗan matsa da shi dama a kan layi, don ido ya ga wa ke cikin wa. Kuma sai kin rufe na ciki kafin ki rufe na waje, kamar ƙorai in ana jera su, ƙarama cikin babba.

"Abu ɗaya kar ki manta," in ji shi. "Kowane 'in ba haka ba' na 'idan' ɗin da ya fi kusa da shi ne, wanda ba a rufe ba. Ba ta san abin da ke zuciyarki ba, abin da ke layi ta sani."

Rana ta uku na manta. Na sa "rufe" ɗaya a inda ba wurinsa ba, muka gwada da garin Gazawa, injin takarda ya yi ta kuka, sai ga kowa da kowa an rubuta masa dawa. Mushe Ilya ya bi sunaye da yatsa har ya iso kan na mahaifinsa, ya tsaya, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Gonar tsohona yashi ne tsantsa, in kika zuba ruwa kafin ki ɗago buta ya shanye. Kin ba shi dawa. In ya zo ke za ki yi masa bayani." Muka yi ta dariya har ƙishirwa ta tuna mana muna azumi.

Abin ya shiga raina sosai. A hanya ina tafe ina jera "idan" a kai. Wata la'asar na ce wa Gwaggo, "Idan akwai tsamiya, idan kuma akwai sukari, a yi kunun tsamiya mai zaƙi. In babu sukari, a yi shi haka nan. In babu tsamiyar ma, a yi na kanwa."

Ta dube ni ta ce, "Wannan ne aikin da ake biyanki a kai? Shekara arba'in ina yinsa a bakin murhu, ba wanda ya taɓa ce mini madam."

Muna gab da gamawa aka kira Mushe Ilya Yamai, babban birni, wani taro na kwana goma. Saura tambayar gamana kawai ba mu sa ba. Ya ce in ƙarasa da kaina, ai na iya. Darekta bai so ba. Mutum ne mai kirki amma mai tsoron kunya, kuma tun farko bai yarda da na'urar ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madam Rakiya, in wannan abu ya kunyata ni gaban mutane, zan sa a mayar da shi kwalinsa, ke kuma ki koma kan kekenki."

Na ce, "In Allah ya yarda ba za ku ji kunya ba."

Ga yadda tsarin ya tsaya. Tambayar farko, ta waje: gidan na da gandu? In babu, a wuce, don mun ɗauka waɗannan mahauta ne da 'yan tireda da ma'aikata irina, waɗanda ba sa noma. In akwai, a shiga ciki a tambayi iri, a tambayi ƙasa, a tambayi arewa ko kudu. Ni kuma na zo na ƙara a ƙarshen cikin nan: idan matan gidan na da gamana, a ƙara tiya ɗaya ta wake da 'yar gyaɗa. Na rufe, na rufe, na rufe. Na gwada da gidaje goma da na sani, duk suka fito daidai. Ranar har ƙosai na saya mana na buɗa baki.

Aka fara rabo azumi na da kwana ashirin. A rana ta huɗu malamin gonar wani ƙauye da ake kira Tsamiyar Bako, kudu da Gazawa, ya kwanta zazzaɓi, aka ce in bi kamiyo, motar kayanmu, in kira sunaye. Muka isa da hantsi. Mutane sun taru ƙarƙashin wani babban gawo, kowa da ƙwarya ko tsohon buhu, fuskoki sun faɗa amma ana ta raha. Ina kira ana aunawa, mai jigawa gero, mai laka dawa. Wani tsoho ya damƙi geron ya shinshina ya ce, "Wannan takarda ta san gonata fiye da 'ya'yana." Na ji kaina ya yi girma.

Da na kira suna na ƙarshe na naɗe takarda, mutane suka fara watsewa. Sai na lura da wasu mata bakwai zaune a gefe kan saiwar gawon, ƙoransu a kife a cinya. Babbarsu ta miƙe a hankali ta nufo ni. Gajeruwa ce, baƙa, da zane shuɗi da ya koɗe. Daga baya na ji sunanta Inna Tamu.

Ta ce, "Ɗiyata, takardar taki ta ƙare?"

"Ta ƙare, Inna."

"To ni malamin gona ya rubuta ni. A ƙofar ɗakina ya zauna, har hura na dama masa. Su ma waɗannan ya rubuta su."

Na buɗe takarda na sake dubawa, babu su. Na ce, "Inna, ba ni ke zaɓe ba. Na'ura ce a buro, ita ke duba kowa ta yi tambayoyi ta faɗi rabonsa."

Ta ce, "Me ta tambaya a kaina?"

"Ta tambaya ko kina da gandu."

"Babu. Da maigidana ya rasu gandu ya koma hannun ƙannensa. Gamanata aka bar mini, ita nake ci da jikoki uku. Sannan me ta tambaya?"

Na buɗe baki in amsa, sai na ga layukan nan a idona kamar ina gaban na'urar. Tambayar gamana tana can ciki, a cikin cikin gandu. Wanda ba shi da gandu ba ya ko isa wurin. Da hannuna na sa ta can.

Na ce, "Ba ta sake tambayar kome ba, Inna."

"Ashe ba ta da tarbiyya," in ji ta. "Ta yi sallama, kafin a amsa ta juya."

Matan suka yi dariya, ita ma ta yi. Ni na kasa. Na ce mata laifin ba na na'ura ba ne, nawa ne, kuma zan dawo. Ta ɗaga kai ta dubi gabas, inda wani siririn gajimare ya fara taruwa, ta ce, "Ki dai riga wancan."

Duk tsawon hanya ina lissafin abin a zuci. In Tsamiyar Bako kaɗai na da bakwai, sauran garuruwa fa? Kuma ba wanda ya sani sai ni. Matan nan ba za su zo buro ba, ba su san ma hanyarsa ba. In na yi shiru, rabo ya yi kyau, Darekta ya ji daɗi, kujerata na nan. Ba zan ɓoye ba, tunanin ya zo mini, ya kuma zauna tun daga Gazawa har muka hango hasumiyar masallacin Agiye.

Na tarar da Darekta yana alwalar la'asar. Na jira ya gama, na faɗa masa duka ban rage ba. Ya daɗe yana kallon butar. Sannan ya ce, "Su nawa ne?"

"Ban sani ba sai na tambayi na'ura."

"Gazuwal ɗin injin ya ƙare jiya. Sai bayan salla za a kawo." Ya share fuska da hannu. "Kin iya gyarawa ba Ilya?"

"Na iya."

"Haka kika ce wancan karon."

Ya ce in je in rubuto gyaran a takarda, gobe a gani.

Washegari bayan sallar asuba na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tun iska na da ɗan sanyi. Na fiddo tambayar gamana daga inda na cusa ta. A ƙarƙashin "in ba haka ba" na waje, inda a da babu kome sai wucewa, na buɗe sabon "idan": in babu gandu, akwai gamana? In akwai, a tambayi ƙasarta kamar kowa, a ba ta gero ko dawa, a haɗa da wake. Gwaggo na gefe tana tsince tafasa, na ce ta taimake ni ta riƙa zama mutane iri-iri, ni in bi layi da yatsa in ga inda kowa zai faɗa. Abin ya yi mata daɗi.

"Ni bazawara ce mai gamana a laka."

Na bi layi. "Dawa da wake."

"Ni mahauci ne, ban san hanyar gona ba."

"Ba ka da kome."

"Allah ya isa. To ni baƙo ne, na zo daga arewa shanuna sun mutu, mai gari ya ara mini gona."

Na bi layi, yatsana ya zame har ƙasa bai tsaya ko'ina ba. Ba gandu, ba gamana, an wuce shi. Na dubi Gwaggo.

Ta ce, "Kin gani ko? Mutane sun fi tambayoyinki yawa."

Takardun malaman gona ba su da gurbin aron gona, don haka ba yadda zan sa na'ura ta gane shi. Abin da na yi, a can ƙarshe na ƙara "in ba haka ba" guda: duk wanda ya bi ta tambayoyin nan kaf bai samu kome ba, kar a wuce shi shiru, a fitar da sunansa a takarda dabam mutum ya duba da idonsa.

Darekta ya karanta sau biyu, ko da yake na san ba duka ya gane ba. Sannan ya kira direban kamiyo, wani ƙato mai barkwanci da ake kira Ɗan Tani, ya ce ya zuƙo gazuwal daga tankin mota a zuba wa injin wuta. Ɗan Tani ya riƙe tiyo ya ce, "Ranka shi daɗe, in ya wuce maƙogwaro azumina fa?"

"Kar ka bari ya wuce."

"In ya wuce ba da nufi ba?"

"Sai ka tambayi liman, ni darektan noma ne."

Ya zuƙa, ya tofar, ya yi ta kurkure baki yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro gazuwal. Abin da aka samu bai fi na awa ɗaya ba, rana kuma ta riga ta take. Aka jiƙa buhuna har biyu-biyu. Ina cikin bugawa na'ura ta fara nauyi, sai ga Darekta da kansa ya ɗauki mafici yana yi mata fifita, mai gadi na yi daga ɗaya gefen, gumi na zuba daga haɓarsu. Ni kuma ina ƙirga "rufe" a fili kamar mai ƙirga raka'a. Da na gama na ce ta fara da takardar Inna Tamu. Rubutu kore ya fito: gero na gargajiya, da wake. Sannan na sake ta kan kwali huɗun duka.

Injin takarda ya yi kuka, ya yi kuka, bai daina ba. Shafi bayan shafi, kusan duk mata. Darekta ya daina fifita yana kallon takardar na sauka ƙasa tana naɗewa. Takarda ta biyu ma ta fito, ta waɗanda za a duba da ido, kuma da aka bincika an samu masu aron gona a ciki ba kaɗan ba. Layi na ƙarshe na fita injin wuta ya yi tari ya mutu.

Iri kuwa saura kaɗan a sito. Amma akwai buhunan da Darekta ya keɓe don gonar gwaji, wadda yake nuna wa manyan baƙi in sun zo daga Yamai, gonar da yake ji da ita kamar ɗiyarsa. Ya tsaya gaban buhunan ya ce, "Bana baƙi sai su kalli ciyawa." Aka auna, aka ƙulla kowane rabo a tsumma da suna a jiki. Tunda mun shanye man kamiyo, sai amalanken shanu aka nema. Kwana uku amalanke na fita ta kowace kusurwa.

Ni na bi ta Tsamiyar Bako, ana jibi salla. Tun da muka wuce Gazawa gabas ta haɗe, iska ta juyo da wani sanyi, shanu suka fara ɗaga hanci. Muna shiga gari ɗigon farko ya faɗo mini a hannu, mai kauri, mai ɗumi. Kafin mu sauke kaya a zauren mai gari an kece. Ƙamshin ƙasar nan ya tashi, yara suka fito tsirara suna tsalle, manya suka tsaya a bakin ƙofa suna miƙa hannu, kowa ya rufe baki gam kar ɗigo ya shiga. Inna Tamu ta zo a jiƙe sharkaf, ta karɓi ƙullinta ta kwance, ta zuba kaɗan a tafin hannu ta duba.

Ta ce, "Kun iso tare. Ban san wa zan fara yi wa sannu da zuwa ba."

A ɗakinta na kwana. Da safe ƙasa ta jiƙu har kamu ɗaya, gari duk ya fita. Wani maƙwabcinta ya yi mata saran sungumi, mu muna biye, a jefa iri a rami a rufe da diddige. Rabona da shuka tun ina 'yar lakol, ƙafata ta manta, Inna na bayana tana gyara ramukan da na bari a buɗe. Kafin rana ta yi zafi mun gama gamanar. Ba ta da girma. Na tsaya a bakinta ina mamakin yadda mutum huɗu ke rayuwa a kan wannan ɗan fili.

Mushe Ilya ya dawo bayan salla, ya karanta abin da na yi layi-layi. Ya ce tambayar gandu da aka sa a waje tun farko shi ya sa ta, don haka kuskuren namu ne mu biyu. Darekta bai mayar da na'ura kwali ba. Ni ma ban koma kan keke ba, a gabanta na ƙare aikina har na yi ritaya, ita da waɗanda suka gaje ta. Yanzu jikata na yin irin wannan aiki a wayar hannu tana kwance kan katifa, ba buhu ba mafici.

Daminar ta yi kyau, ba ƙwarai ba, amma ta yi. Da kaka, wata ranar kasuwar Agiye, ina zaune a buro mai gadi ya leƙo ya ce wata tsohuwa na nemana. Inna Tamu ce, da ƙwarya a ka an rufe da faifai. Bayan mun gaisa ta ce ba wurina kaɗai ta zo ba, tana so ta ga mai tambayar nan. Na kai ta ɗakin. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta shiga, ta dubi na'urar sama da ƙasa, ta leƙa bayanta.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce, Inna."

"'Yar ƙarama da ita." Ta matsa kusa ta ce, "Sannu da aiki. An yafe miki." Sannan ta sauke ƙwaryar a kan tebur ta buɗe faifai. Wake ne fari tas, sabon sussuka. Ta juyo gare ni ta ce, "Na gamanata ne. In tana cin wake, ki ba ta rabi. In ba ta ci, to in kina da yara ki kai musu. In ba ki da su, ki cinye ke kaɗai."

Mushe Ilya da ke bakin ƙofa ya juya baya, yana danne dariya.

Na'ura ba ta cin wake, ni kuma ina da Hadiza. Na ɗauki ƙwarya na kai gida. Gwaggo ta jiƙa rabi ta yi mana ƙosai, Hadiza ta ci har ta yi barci da guda a hannu.